Tambayar da Aka Yi wa Hanne a Zaure

Ku zauna, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Na ga kowa ya sa rigarsa mai rubutu a baya, an ba ku takardar shaida, har wasu sun ɗauki hoto da ita sun tura gida. Madalla, Allah ya sa albarka. Ɗazu na ji wata daga cikinku, waccan mai jan mayafin, tana ce wa ƙawarta ai aikin kare yara ba wuya, ka ga alama, ka kai rahoto, shi ke nan. To 'yata, ni a cikinsa na tsufa. Daga Kazaure zuwa Roni, zuwa Gwiwa, zuwa ƙauyukan Babura na bakin iyaka, ba inda ban taka ba, kuma har na ajiye aiki ban ci karo da wannan "shi ke nan" ɗin ba. Tunda an ce in yi muku magana kafin ku watse zan yi, amma ba mai daɗi ba ce.

Fitata ta farko a bayan Hajiya Kulu na yi ta, Allah ya jiƙanta. Ita ce babba a ofishinmu a lokacin, gajeriyar mace mai faɗa, ba ta iya tafiya a hankali ba. Wata yarinya aka ce mana kullum barci take a aji, malamai sun doke ta har sun gaji. Ni sabuwar ma'aikaciya, na jera tambayoyina tsaf a ka. Da muka isa aka kawo yarinyar ofishin hedimasta, aka tsayar da ita gaban tebur sai ka ce ta yi sata. Hajiya Kulu ta ce, "Malam, a taimaka mana da tabarma." Ta ja yarinyar gindin darbejiya, ta zauna dirshan, ta kwance bakin zaninta ta zube gyaɗa, ta ce, "Zo ki taya ni ɓara, yatsuna ciwo suke." Ba ta tambaye ta komai ba. Na ƙosa na buɗe baki, ta galla min harara, na haɗiye maganata. Sai da gyaɗa ta kusa ƙarewa yarinyar ta fara magana don kanta, kanta a sunkuye. Ashe ita ke cika randunan gidan da ake riƙonta, ta yi surfe, ta wanke tukwane, sannan ta taho makaranta ba karin kumallo. A hanyar dawowa Hajiya Kulu ta ce min, "Ke Talatu, in kina tsaye yaro yana ƙasa, ba abin da zai gaya miki. Kuma kada ki kuskura ki ce masa wa ya doke ka. Wanda ya doke shi ɗin, wajensa zai koma cin tuwo anjima."

Kayan aikin ke nan, in kuna son sani. Tabarma, gyaɗa, mayafin da ba ya ƙyalli, da takalmin da zai iya da duwatsun Roni. Sai ɗan acaba mai riƙe bakinsa, wanda ya fi komai wuyar samu. Motar ofis kuwa, in kika shiga ƙauye da ita, kafin ki sauka an ɓoye yaron, an koya wa kowa abin da zai ce. Biro da takarda su zauna a jaka sai kin bar garin, don mutumin ƙauye da ya ga ana rubutu kotu yake gani. Yanzu an raba muku wayoyi masu ɗaukar hoto, to Allah ya sa ku san lokacin da ba a fito da su.

Da tafiya ta yi nisa, ƙungiyoyi suka shigo da tsarin horaswa, sai ya zama mu ne masu koyarwa. Malaman makaranta, ungozomai, ma'aikatan asibiti, masu unguwanni, limamai, duk sun zauna gabana. Wasu shinkafar rana ce ta kawo su, ba na ɓoye muku. Wani liman a wajen Gwiwa ya miƙe a tsakiyar darasi, ransa a ɓace, ya ce, "Hajiya, yanzu ɗan da na haifa ma ba zan hore shi ba sai na nemi izininku?" Na ce, "Allah gafarta Malam, ka taɓa sa wuƙa a wuta ka ɗora wa ɗanka?" Ya ce, "A'uzubillahi!" Na ce, "To ba kai muke nema ba, masu yin haka muke so ka taya mu gani." Ya zauna, kuma daga baya ya yi mana amfani ƙwarai. Mun kafa kwamiti a ƙauyuka, mai unguwa ne shugaba. Cikin abin da muke nanata musu har da wannan: kada a yanke magana a kan yaro ba a ji ta bakin uwarsa ba. Darasi ne mai kyau. Kafin nan maza ne ke zama a zaure su gama komai, uwa tana madafa, sai dai ta ji an ce an yi.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya ɗauke gero bai gama cika ido ba, rumbuna suka ƙare tun rani bai yi nisa ba. Masu shanu suka kora su kudu, mata da yara suka rage a rugage, aka shiga rarraba 'ya'ya gidajen dangi. Kada ku ji na ce riƙo ku ɗauka abin ƙi ne. Ni kaina gwaggota ce ta riƙe ni, kuma ban san wani abu wai shi rashin uwa ba. Amma riƙon da yunwa ta ƙulla daban yake, don gidan da aka kai yaron ba su roƙa ba, su ma tukunyarsu ba ta cika. A shekarar ba ma zaman ofis, daga wannan ƙauye sai wancan, kuma rabin abin da aka kawo mana ba mu kai gare shi ba.

A cikin wannan hali wani malamin firamare, Malam Nura, ya taso a kan babur daga wani ƙauye a ƙasar Babura har Kazaure. Ya taɓa zama a kwas ɗinmu, can baya, har na ɗauka gyangyaɗi yake. Ya ce, "Hajiya, wani yaro ne a ajina, Buba. In yara suna alwalar azahar, shi ba ya naɗe hannun riga. A kan rigar yake zuba ruwa. Ga zafin nan, amma kullum da mai dogon hannu. Kuma ba ya jingina da bango." Na ce ya yi wa yaron magana? Ya ce a'a, kun ce kada mu yi gaggawa. Na ce Allah ya yi maka albarka.

Na je da gyaɗata. Yaro ne ɗan siriri, bai wuce shekara bakwai ko takwas ba, mai manyan idanu. Zuwan farko ya ɓare gyaɗar tas ya tura min, bai ci ko ɗaya ba. Sai da na yi ta zarya. Wata rana muna zaune bayan aji na naɗe hannuna na nuna masa tabon da man tuya ya yi min, na ce har yanzu yana min ƙaiƙayi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ja hannun rigarsa sama. Innalillahi! Shatin cokali ne, an sa a wuta an manna, jere daga gwiwar hannu har kafaɗa, wasu sun bushe, wasu da ruwa. Na bayansa sun fi muni. Fitsarin kwance yake yi, yayar babansa da ke riƙonsa, Goggo Asabe, ita ce ke yi masa wannan magani. Ya ce min, "Goggo ta ce in na daina za ta daina." Na ce, kana so ka koma wajen innarka? Ya girgiza kai. Ya ce, "Ba ta kula ni. Ko sunana ba ta sani ba."

Ɗan fari ne. Ku 'yan zamani da kuke ɗora hoton ɗan farinku a fuskar waya ba lallai ku gane nauyin abin ba. A gidajen da aka riƙe al'ada, musamman na Fulanin ruga, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san ya ci ko bai ci ba. In yana kuka a gaban surukai, kau da kai za ta yi sai wata ta ɗauka. Da haka ake auna tarbiyyarta da darajar gidan da ta fito. Manya sun san so ne aka rufe, amma ba mai zaunar da yaro ya yi masa wannan bayani.

Na samu uwar, Hanne, a rugarsu, na je a matsayin mai sayen man shanu. Yarinya ce ma, ba ta kai wasunku ba. Tana zaune tana kaɗa nono a gora, sauran mata sun tafi rijiya. Bayan gaisuwa na ce, na ga yaron nan da ke wajen Goggo Asabe. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da kaɗawa. Can ta ce, "Wancan ɗin, an ce ya rame." Na ce ba rama kaɗai ba ce, na gaya mata abin da idona ya gani, ban rage ba. Goran ya tsaya cak. Ta tashi ta zagaya bayan bukka, ta daɗe, ta dawo fuskarta a wanke. Ta ce, "Hajiya, ni ba ni da bakin magana. Mai gidan ya bi shanu, ita kuwa yayarsa ce. Amma in wani ya ga dama ya ɗauke shi ya kai wani wuri, ni ban gani ba." Ta ƙara da cewa, "Innata tana Kanya Babba. Tana da awaki, ba ta da mai kora mata su." Da zan tafi ta cika min ƙoƙo da man shanu ta ce a shafa wa duk mai ƙuna, kada in ce daga ina ya fito. Mace irinta ba za ta iya faɗin abin da ya fi haka ƙarara ba, kuma na ji ta sarai.

Na san abin da ke ranku, me ya hana in kama hannun yaron in tafi da shi. Ba mu da wannan iko, ku ma ba ku da shi, ku riƙe wannan. Ko dai iyaye su yarda, ko kotu ta ba da umarni, ita kuwa kotu tana son shaidar likita da zama bayan zama, yaron kuma a gidan yake kwana. Sulhu ya fi sauri. Na samu mai unguwar garin, shugaban kwamitinmu, muka shirya magana. Za a ce yaro ba shi da lafiya, yana bukatar wankin ciwo kullum, gidan kakarsa ya fi kusa da asibiti. Ba wanda za a kira mugu, Goggo Asabe ta tsira da mutuncinta, yaro ya tsira da fatarsa. Na roƙe shi abu ɗaya, kada a kira uwar. Ya ce, "To, to, Hajiya, ba damuwa."

Ranar zaman, a zaurensa, akwai liman, akwai Alhaji Sambo, yayan uban yaron, wanda shi ne babba a zuriyar. Goggo Asabe tana rakuɓe bakin ƙofa, Buba yana gefen Malam Nura. Matan ruga, har da Hanne, suna cikin gida wajen iyalin mai unguwa. Magana ta tafi daidai, har Alhaji Sambo ya fara gyaɗa kai yana cewa ai lafiya ita ce gaba. Sai Goggo Asabe ta fashe da kuka. Ta ce, "Ni na roƙa a ba ni shi? Lokacin da babu ko ƙwayar hatsi a gidansu aka turo min, na raba cikina da shi. Yaro ya faɗa murhu an ce ni ce. Uwarsa ce ta ce a karɓe shi? A tambaye ta mana!"

Na ga fuskar mai unguwa ta washe. Ya ce, "Wannan gaskiya ne. Ai a kwas ma an gaya mana, ko ba haka ba Hajiya? Kada a yanke ba a ji ta bakin uwa ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan fari ne. A bar ta a ciki, a tura mace ta ji daga gare ta."

Goggo Asabe ta ce, "Ina! A gaban kowa za ta faɗa, kada a shiga ɗaki a ƙulla min sharri."

Alhaji Sambo ya ce, "A kira ta."

Mai unguwar nan ba mugu ba ne. Ya san kunyar ɗan fari sarai, shi ma uwarsa ta yi masa. Amma kwas ɗin sabo ne a kansa, ga malamar da ta koyar a zaune, yana so a ga ya riƙe karatu.

Hanne ta fito ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ga yayan miji, ga yayar miji, ga liman, ga mata sun biyo ta suna leƙe. Mai unguwa ya gyara murya ya ce, "Hanne, ɗanki ne, ke kike da hakki. Kina so a karɓe shi daga hannun Goggonsa, ko a bar shi?" Ba ta motsa ba. Ya sake maimaitawa, har da tausasa murya, yana ganin taimakonta yake. Ina kallon yatsunta suna tona ƙasar daɓen. Daga ƙarshe ta ce, da ƙyar ake ji, "Ni ba ni da ɗa a nan. Nasu ne. Yadda suka yi daidai ne."

Zaure ya ɗauka, "Allah ya yi miki albarka." "Kai, 'yar mutunci." Wata tsohuwa daga ciki har da cewa haka uwarta take. Ni kuwa abin da ta gaya min a ruga yana bakina, amma ba halin in furta. In na faɗa, na kashe mata aure, na sa ta a bakin duniya, kuma dole ta ƙaryata ni a take. Na juya na dubi Buba. Bai yi kuka ba, ko mamaki bai yi ba, yana kallon ƙasa abinsa kamar wanda aka gaya wa abin da ya riga ya sani. Wallahi tallahi ban taɓa jin baƙin ciki a bakin aiki irin na wannan rana ba. Liman ya yi nasiha a kan amanar yara, Goggo Asabe ta rantse ba za a sake jin komai ba, aka shafa fatiha. Yaron ya tashi ya bi bayanta.

Na koma ta hanyar kotu, tunda ita ta rage. Neman likita, neman sa hannu, yau alƙali ya yi tafiya, gobe ba man zuwa. Malam Nura yana sa ido, yana shafa masa man shanun a ɓoye bayan an tashi daga makaranta. Sai wata rana ya kira ni ya ce Buba ya daina zuwa. Na je gidan, aka bar ni a tsaye a waje. Mijin Goggo Asabe ya leƙo ya ce sun gaji da mutanen ofis suna zubar musu da daraja a gari, an kai yaro wajen dangi a ƙetare, yana kiwo. Waɗanne dangi? Can cikin Nijar. Wane gari? Ai makiyaya ba su da gari. Na tsallaka iyaka ba sau ɗaya ba, na canji sefa na hau babura, ruga ruga ina tambaya. A can ni ba kowa ba ce, baƙuwa ce mai yawan tambaya. Inda aka kwatanta min, na tarar da toka da kashin shanu, sun tashi. Da uban ya dawo daga kudu ya ce ai yaro yana hannun 'yan uwa, ba zai ɓata da yayarsa a kan wannan ba. Umarnin kotu ya fito daga baya, ba yaron da za a karɓa. Bayan nan ne muka gyara darasin, aka ƙara cewa a keɓe za a ji ta bakin uwa, kuma mace ce za ta ji. Yana cikin littafin da aka raba muku, layi ɗaya ne tak, na tabbata ba wanda ya tsaya a kansa.

Bayan na ajiye aiki na je Babura ranar kasuwa, gaisuwar rasuwa ce ta kai ni. Masu fura da nono suna da inuwarsu a cikin kasuwa inda ciniki yake, amma sai na hangi wata ita kaɗai a bakin tasha, cikin rana, daidai inda motocin Nijar ke sauke mutane. Ita ta fara gane ni. Hanne ce, ta bushe, ta tsufa tun lokacinta bai yi ba. Muka gaisa, na tsuguna, ta jawo ƙwarya ta fara dama min fura ban ce ina so ba.

Ta ce, "Hajiya, ko kin ji wani labari?"

Na ce, "Ban ji ba, Hanne."

Ta ci gaba da damun furar. Ta ce, "Yanzu ya isa ya fi ni tsawo. Ko ya sauka a nan ban san ko zan gane shi ba." Ludayin ya tsaya, ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. "Don Allah me ya sa aka tambaye ni? Da kun ɗauke shi kawai, ba mai ganin laifina. Ga shi a gabansa na faɗa. Ko ya gane ni ba zai tsaya ba, Hajiya, ya ji abin da na ce."

Wata mota ta shigo tashar, shaƙe da mutane da buhuna. Ta saki ludayin a cikin ƙwarya, ta miƙe tsaye tana duba masu saukowa ɗaya bayan ɗaya.